504 akori-kurata tana bindiga, ba ta da silo, kuma tana mutuwa in na taka birki

Ɗan Dawanau: Assalamu alaikum jama'ar gida. Taimako nake nema a kan motata, Peugeot 504 akori-kura, haɗin Kaduna, mai kafireto Solex. Ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Da ita ya ciyar da mu, yanzu ni ma da ita nake ciyar da nawa iyalin. Hatsi nake ɗaukowa daga Ɗambatta da Bichi, wani lokaci har Maigatari, in sauke a Dawanau.

Yau sati uku ke nan ta hana ni sukuni. Da safe in na ja cok tana tashi lafiya lau. Da ta yi zafi na mayar da cok, sai silo, wato juyin inji in mota tana tsaye, ya watse, inji ya kama rawa, har sandar giya karkarwa take yi. In na zo shataletale ko danja na taka birki, sai ta mutu. In kuma ina cikin gudu na ɗaga ƙafa daga totur, sai ka ji tau! tau! ta salansa. Shekaranjiya wata dattijuwa mai tallan gyaɗa ta saki farantinta don firgita, gyaɗar duk ta zube a kwalta. Na tsaya na biya ta, amma har yanzu abin yana raina.

An sa fulogi huɗu sababbi, an wanke kafireto sau biyu, an ƙara silo. Babu abin da ya canja, sai shan mai da ya ƙaru. Yanzu bakaniken ya ce sai an sauke inji an sa ringi. Wallahi ba ni da kuɗin, kuma zuciyata ba ta kwanta da maganar ba.

Direban Zariya Rod: Wa alaikumus salam. Kafireto ne, ɗan'uwa. In Solex ya tsufa wanki ba ya yi masa komai. Je ka Ƙofar Ruwa ka nemi na tokumbo mai kyau ka ɗora, ka huta.

Mai Tifa: Ni dai mai nake zargi. A ina kake sha? In wajen 'yan bumburutu ne a jarka, to ka duba nan tukuna. Ku tuna abin da ya faru a Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci nawa ne suka kwanta a gareji?

Ɗan Dawanau: A gidan mai nake sha, sai in ta ƙare mini a ƙauye. Kuma na riga na zuƙe tanki na zuba sabo, Mai Tifa. Duk ɗaya.

Usta Kakuri: Salamu alaikum. Yaro, Allah ya ji ƙan mahaifinka. Kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya a jikin injin nan tukuna. Tun ina ɗan koyo nake cikin 504, lokacin da ake fito da su sababbi fil daga masana'antar da ke nan Kakuri, wadda aka buɗe a 1975. Na ga injuna da yawa da aka sauke ba su da laifin komai. Amsa mini waɗannan. Tana shan baƙin mai? Tana hayaƙi shuɗi? Bindigar ta salansa kaɗai take yi, ko tana atishawa ta bakin kafireto ma? In ka ɗan ja cok bayan ta yi zafi, silon yana daidaita ko ƙara lalacewa yake? Tsofaffin fulogin da aka cire, wane launi ne bakinsu?

Ɗan Dawanau: Na gode Baba. Baƙin mai ba ta sha sosai, daga sabis zuwa sabis bai fi in ƙara rabin lita ba. Hayaƙi shuɗi babu. Atishawa tana yi jefi-jefi, in na taka totur da sauri daga tsaye. Cok kuwa, da shi nake lallaɓa ta a cikin gari, in na ja shi kaɗan sai ta natsu. Fulogin suna nan a aljihun ƙofa, yanzu na duba: uku farare tas kamar alli, ɗaya ya ɗan yi duhu.

Usta Kakuri: To alhamdu lillahi. Motar da ba ta shan baƙin mai, ba ta hayaƙi, kuma tana tashi da kik ɗaya da safe, ba ringi take nema ba. Ajiye wannan maganar gefe.

Ita da kanta ta gaya maka ciwonta. Cok ba abin da yake yi sai rage iska don mai ya rinjaya. In ka ja shi ta samu sauƙi, ke nan iska ta yi wa mai yawa. Farin fulogi ma shaidar haka ne. Atishawar kafireto ita ma haka: in haɗin ya yi tsinke, ƙonewarsa a hankali yake, har bawul ɗin shiga ya sake buɗewa wutar ba ta gama ci ba, sai ta biyo manifol, bututun da ke kai haɗin daga kafireto zuwa silinda, ta fito ta sama. Bindigar salansa kuma man da ya ƙi kamawa a silinda ne yake tafiya ɗanye, ya tarar da ƙarfe mai zafi a can ya fashe.

Abin tambaya, man ne ya ragu ko iskar ce ta ƙaru? An wanke kafireto sau biyu ba canji, saboda haka ni iska nake zargi, wadda ke shiga ta ɓarauniyar hanya a ƙasan kafireto. Kuma ka ce in ka taka birki take mutuwa. Sabo (servo) na birki, wannan baƙin tulun da ke bayan masta mai tura man birki, da zuƙar inji yake aiki, akwai tiyo mai kauri daga manifol zuwa jikinsa. Gobe da safe in ta yi zafi, cire tiyon daga wajen manifol, ka toshe bakin ƙarfen da babban yatsanka, ka saurara.

Direban Zariya Rod: Baba, da girmanka, amma ni na sha ganin irin wannan, kuma kafireto aka canja aka zauna lafiya. Sandar malam-buɗe-littafin nan ta totur tana cinyewa, iska ta riƙa shiga ta gefenta. Wannan ai ba a wanke shi.

Usta Kakuri: Gaskiyarka, yana faruwa, kuma shi ma satar iska ce. A kama sandar a girgiza, in tana lilo sosai to ta ci. Amma gwajin tiyo kyauta ne, minti biyu. Kafireton tokumbo kuɗi ne, kuma ba ka san tarihinsa ba, sau da yawa wanda za ka sayo ya fi naka lalacewa. A fara da na kyauta.

Injiniya Bauchi: Akwai hanya mai sauri. Inji yana silo, ka fesa maganin wanke kafireto ko ɗan fetur a gindin kafireto da bakin manifol da kan tiyoyi. Inda sautin inji ya canja, nan ne ɓular.

Hajiya Mai Ruwan Leda: Don Allah Injiniya a daina koya wa mutane wannan. Ina da akori-kura biyu masu rabon ruwa, ɗaya a gabana ta kama wuta a gareji saboda irin wannan gwajin. Yaron ya ɗiga fetur daga robar ruwa, motar ta yi atishawa, sai wuta bal. Gashin girarsa ya ƙone, wayoyi suka narke, da ƙasa aka kashe ta. Motar da aka riga aka ce tana bindiga ita za a fesa wa fetur?

Injiniya Bauchi: Hajiya kin yi gaskiya, na janye maganar fetur. A yi amfani da ruwa a kwalbar feshi, in ya shiga ɓular inji zai ɗan shaƙe. Ko a samu guntun tiyo, a kara baki ɗaya a kunne, a riƙa yawo da ɗayan a jikin manifol. Inda iska ke shiga za ka ji tsiii. A dai kula da fanka da fanbel, a naɗe hannun riga.

Na Maraɗi: Sallama gare ku 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan bashe muke ce mata, kuma har yau suna nan suna aikin kasuwannin ƙauye. Abin da Usta ya faɗi daidai ne, amma ina ƙara cewa a duba wuta. Mu abin da kuke kira distirbuta, mai raba wa fulogi wuta, delko ne, fulogi buji, kwayil bobin, silo kuma ralanti. A wurinmu in bashe ta fara harbi, delko muke fara buɗewa. Murfinsa yana tsagewa siriri, ido ba ya gani sai ka kai shi rana, ƙura ta shiga tsagar, wuta ta riƙa tsallakawa daga wannan waya zuwa waccan. 

Usta Kakuri: Sannu mutumin Maraɗi. Za mu zo kan wuta, ba na mantawa. Abu ɗaya nake so ya taɓa a lokaci ɗaya. In ya taɓa biyar ta gyaru, ba zai san wanne ne ba, ran da ta sake yi masa a dajin Maigatari sai ya rasa inda zai kama.

Ɗan Dawanau: Jama'a barkanmu da safiya. Baba, na yi yadda ka ce. Ina cire tiyon na toshe da yatsa, sai inji ya haura sama ya daidaita, rawar ta ragu ƙwarai. Na juya tiyon, ashe ta ƙasa, daidai inda ya lanƙwasa kusa da manifol, ya tsage kusan tsawon gaɓar yatsa. Daga sama lafiyayye ne sumul. Robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, ina matsawa tsagar ta buɗe baki. Sati uku ina kallon wurin nan ban gani ba.

Tambayata, in toshe bakin manifol ɗin da ƙusa in ci gaba da aiki kafin in samu tiyo? Akwai lodin gero da ke jirana.

Usta Kakuri: A'a. Kada ka kuskura. In ka toshe, sabo ya daina aiki, birki zai yi tauri kamar dutse. Mota fanko ma da ƙyar za ka tsayar, balle da buhunan gero a baya a hanyar Katsina da 'yan adaidaita ke faɗo wa mutum. Geron ya jira. Ka sayi tiyo mai zare a ciki wanda aka yi don wannan aikin. Tiyon ruwa na gida ba ya yi, zuƙar inji tana manne shi ya toshe. Ka sa masa kilif a kai biyun.

Bayan ka sa, gwada tulun sabo ɗin kansa. Kashe inji, taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, riƙe ƙafarka a kai, ka tayar da mota. In feda ta ɗan nutse ƙasa, sabo yana da rai. In ba ta motsa ba, ko kana jin huci a wajen ƙafarka duk lokacin da ka taka, to robar cikinsa ta tafi.

Hajiya Mai Ruwan Leda: Allah ya saka wa Baba da alheri. Abin da ke ci mini rai ke nan. Mu da ba mu san cikin inji ba, in aka ce a sauke sai mu sauke. Tiyon da bai kai kuɗin lita biyu na mai ba ya kusa jawo wa bawan Allah aikin dubbai.

Bakanike Ɗan Gombe: Hajiya a yi mana adalci kaɗan. Ba kowane bakanike ne macuci ba. Mai mota zai zo da lodi a baya, yana sauri, ya ce Oga ɗan taɓa mini silo in wuce. In ka ce ya bar ta a bincika sai ya ce kana neman kuɗinsa. Kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, direbobi da kansu ke zuwa su ce a rage musu jet, a ɗaure sukurun mai, wai don ta daina sha. Ka yi musu aikin, bayan wata ɗaya su dawo mota tana atishawa tana zafi, su ce aikinka ne.

Hajiya Mai Ruwan Leda: Ban ce duka ba, Malam. Amma wanda ya ce a sa ringi bai ko auna kamfireshan ba fa?

Bakanike Ɗan Gombe: Wannan kam bai kyauta ba, ba zan kare shi ba. Ma'aunin kamfireshan ba tsada gare shi ba. Cire fulogi huɗu, a buɗe totur, a buga kik, a rubuta na kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa sosai, a ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin a sake. In ya tashi, ringi ne. In bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Kafin wannan, duk wanda ya ce ringi hasashe yake.

Ɗan Dawanau: Na sa sabon tiyo, feda ta nutse kamar yadda Baba ya ce. Mutuwa a danja ta daina gaba ɗaya, alhamdu lillahi, atishawa ma babu. Na je Bichi na dawo. Amma bindigar salansa tana nan, ko da yake ta ragu, kuma mota ba ta da ƙarfin da na san ta da shi, a hawa sai na koma giya biyu inda da uku take cinyewa. Allurar zafi ma tana ɗan haurawa.

Direban Zariya Rod: Ka gani ko? Na ce kafireto.

Usta Kakuri: Haƙuri dai direba. Yanzu lokacin maganar mutumin Maraɗi ya yi. Rashin ƙarfi, zafi, da harbi ta salansa, ukun nan in sun haɗu wuta ce take zuwa a makare. Yaro, motarka kontak gare ta, ɗan makunnin da ke buɗewa yana rufewa a cikin distirbuta, ko an mayar da ita lantarki?

Ɗan Dawanau: Kontak ne Baba, ba a taɓa canjawa ba. Rabon da a duba shi tun kafin azumin bara.

Usta Kakuri: To buɗe murfin distirbuta. Juya inji da hannu har ɗan dunduniyar kontak ya hau kan tudun sandar, inda bakin ya fi buɗewa. Tazarar 0.40 ce ta milimita. Wannan dunduniyar tana cinyewa a hankali, musamman in ba a shafa wa sandar ɗan giris, ga ƙurar hanyoyinku. Tana cinyewa tazarar tana raguwa, tazara tana raguwa wuta tana makara, ba tare da kowa ya taɓa taimin, wato saitin lokacin zuwan wuta, ba. Shi ya sa ake fara saita kontak kafin a saita taimin. Wanda ya juya distirbuta bai duba tazara ba, aikin banza ya yi.

Duba bakin kontak ɗin. In ya ƙone, gefe ɗaya rami gefe ɗaya tsini, kwandansa (condenser) da ke jikin distirbuta ta gaji, canja su tare. Leƙa cikin murfin a rana kamar yadda aka gaya maka, ka duba ɗan gawayin tsakiya da kan rota. Akwai siririn tiyo daga kafireto zuwa wani ɗan faifai a jikin distirbuta, cire shi daga kafireto ka zuƙa da baki, farantin ciki ya kamata ya motsa ya kuma riƙe. In iska kawai kake zuƙa, robarsa ta huje, ita ma wata ƙaramar ɓarauniyar hanya ce.

Wani abu kuma, tunda an cire wayoyi an sa fulogi. Jerin wutar 1-3-4-2 ne, kuma a injin Peugeot lamba ɗaya ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba. Yara da suka saba da motocin Japan suna rikicewa a nan.

Na Maraɗi: Usta ya faɗi abin da ya ci mutane da yawa. In ƙara ɗaya: bujin 504 a cikin rami mai zurfi suke, ta cikin murfin bawul. In robar bakin ramin ta mutu, baƙin mai ko ruwan wanki yana taruwa a ciki, wuta ta bi jiki maimakon ta je bakin buji. Wanda ka ce ya yi duhu, leƙa raminsa da tocila.

Injiniya Bauchi: Shawarata ka cire kontak ɗin nan kwata-kwata ka sa na lantarki. Ba saiti, ba cinyewa, wuta mai ƙarfi, tashi da safe ba wahala.

Bakanike Ɗan Gombe: Ga mai yawo a cikin gari, e. Ga mai shiga ƙauye, ban ba da shawara ba. Kontak in ya ba ka matsala a daji, da sukundireba da guntun sanfefa za ka iso gida. Na lantarki in ya mutu ya mutu, sai janwe.

Injiniya Bauchi: Ai sai ya ajiye tsohuwar distirbutar a bayan kujera.

Bakanike Ɗan Gombe: In zai iya saita taimin a bakin hanya da dare, to. Ni dai na ga waɗanda aka sa musu na jabu, wata biyu ya ƙone.

Ɗan Dawanau: Zan tsaya a kontak tukuna, shi mahaifina ya koya mini. Ga abin da na tarar. Bakin kontak da ƙyar yake buɗewa, ko takardar sigari biyu ba za ta wuce ba, kuma ya ƙone ya yi toka-toka. Sandar a bushe ƙayau, jan ƙura ya daskare a kanta. Murfi lafiya, ɗan faifan ma yana riƙe iska. Ramin fulogi na wajen kuloci kuwa, mutumin Maraɗi, baƙin mai ne kwance a ciki, na sa tsumma a kan waya na tsane shi. Na kai wa wani dattijo mai wayarin a unguwarmu, ya sa sabon kontak da kwandansa, ya auna da fila geji, ya saita taimin da fitila. Ƙarfi ya dawo, wallahi kamar an canja mata inji. Amma yanzu silo ya yi sama da yawa, tana ta ihu a tsaye.

Usta Kakuri: Madalla. Dole ta yi ihu, ai an ƙara mata silo ne don a rufe ciwon tiyo, yanzu ciwon ya tafi ƙarin yana nan. Yanzu ne lokacin taɓa kafireto, shi ne na ƙarshe a layi. Amma kafin nan, gobe da sassafe inji da sanyi, a buɗe murfi a duba bawul: na shiga 0.10, na fita 0.25. Farin fulogi na sati uku yana nufin bawulolin fita sun sha zafi, in ɗaya ya matse ba ya rufewa sosai, zai ƙone, kuma shi ne zai kai ka ga sauke tof silinda da gaske. Tunda murfin zai buɗu, a canja robobin ramin fulogi da gasket ɗinsa a lokaci guda.

Sannan a bar ta ta yi zafi, cok a ciki, matacin iska a ɗaure a wurinsa kuma a wanke. A sassauta sukurun totur har ihun ya sauka. A koma kan sukurun mai, a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, ana jira, har inda inji ya fi daɗin sauti. Kada a ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa tsini ne, yana lalata mazauninsa. A sake sauke silo zuwa wajen juyi 800 ko 900 a minti, a kunna fitilu a taka birki a ga ba ta girgiza ba.

Direban Zariya Rod: To Baba, na sallama a wannan. Amma ɗan'uwa ka girgiza sandar totur ɗin nan dai, ka gaya mini.

Ɗan Dawanau: Na girgiza direba, tana ɗan motsi kaɗan, dattijon ya ce za ta kai wani lokaci amma in sa ido. An duba bawul, na fita guda biyu sun matse, ɗaya fila 0.15 ma da ƙyar ta shiga. An saita duka. Ɗan Gombe, na sa an auna kamfireshan don hankalina ya kwanta, huɗun kusan kai ɗaya suke. Jiya na ɗauko gero daga Ɗambatta, tun daga can har Dawanau ba ta mutu ba, allurar zafi tana tsakiya. Sai dai a gangara in na saki totur ina jin ɗan fut-fut a ƙasa, ba mai ƙarfi ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Usta Kakuri: Amin yaro. Fut-fut ɗin nan, da safe kafin ƙarfe ya yi zafi ka tayar da ita, wani ya ɗan danne bakin salansa da tsumma, kai kuma ka duba inda manifol ɗin hayaƙi ya haɗu da bututun salansa. In ka ga baƙin zane na hayaƙi ko ka ji huci a wurin, gasket ɗin ne, bindigar sati uku tana fasa shi. Ka canja shi kafin ka yi tafiyar Maigatari, hayaƙin yana shigowa cikin gaba in gilashi a rufe yake.